Igiyar San Modibbo

Ranar Laraba Bishir ɗan Haulatu ya nemi bashi a gaban mutane a Kankia, aka hana shi. Ranar Alhamis da asuba aka tarar an kwance san Modibbo daga turke a Kaikai. Kafin rana ta fito gari ya riga ya haɗa biyun, ya yanke hukunci.

Aka aika a kira Sodangi.

Sodangi ya fi shekara arba'in yana bin sawu. Bai yi boko ba, allon ma iyakarsa abin salla, amma in ƙasa ta jiƙe ba malamin da ya kai shi karanta ta. Bai taɓa nuna mutum da yatsa ya dawo yana ba da haƙuri ba, kuma da wannan yake taƙama. Ya iso da sandarsa ya tarar mutane sun cika garke.

"Ku ja baya," in ji shi. "Jaje kuka zo, ko taya ɓarawo share hanya?"

Suka ja baya.

Modibbo yana zaune bisa kifaffen turmi, ya miƙe ƙafar da gwiwarta ta kumbura. Shi da Sodangi tare suka yi kiwo tun suna yara, ƙwarya ɗaya suka sha fura.

"Sodangi, an ci ni da raina," ya ce. "Shekara biyu ina zuba ma wanga sa dusa."

San fari ne, Hutsu ake ce masa, kuma ya ci sunansa. Bara ya karya wa wani dillali haƙarƙari biyu. An yi ruwa a farkon dare ya ɗauke, saboda haka sawu ya fito raɗau: ga kofato, ga takalmi mai zanen ƙayar kifi a ƙasansa. Duk Kaikai mutum ɗaya ne ke da irin wannan takalmi.

"Jan kambas ɗin Bishir ne," wani ya faɗa daga baya.

Sai Zainu ya matso. Shi ne autan Modibbo, Zainul Abidin, shi ke ba san abinci, shi ke kai shi fadama shan ruwa kowace safiya. Saurayi ne mai tsafta, waya biyu a hannu.

"Baba Sodangi, ba sai ka wahal da kanka ba. Jiya a gabana ya bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya yana neman jari. Ba shi da abin ajewa, ba wanda ya san shi da ciniki. Aka ce sai ya kawo jingina. To ga jinginar nan ya zo ya ɗauka."

Wasan da yake nufi na waya ne. Samari daga nan har ƙasashen da ba su san sunansu ba sukan shiga su yi yaƙi, kuma a ciki akwai kasuwa. Ana sayar da takobi da sulke da zinare, duk na hoto, takobin ko albasa ba ya yankawa, amma da kuɗin gaske ake saye. Wanda ya iya sai ya saya da araha ya sayar da tsada. Daga Kusada har Kankia ba wanda ya kai Zainu suna a wannan fatauci. Bishir kuwa yanzu yake son farawa.

Sodangi ya wuce shi. Ya durƙusa a gindin turke ya duba. Ba guntun igiya, ba alamar wuƙa. Ya ɗaga kai. Can a jikin gwafar rumfa ga igiyar ramar a rataye, an naɗe ta tsaf.

"Wa ya rataye igiyar nan?"

"Haka muka tarar da ita," in ji Modibbo, ko waiwayawa bai yi ba.

Ba wanda ya kula. Nan ne wurinta kullum da rana, kuma abin da ke wurinsa ba ya jan ido. Sodangi ya shafa ta, ya bar ta.

Ana haka sai ga wasu sun shigo da hayaniya, ɗauke da jan kambas duk taɓo. A bayan dangar Haulatu suka tsince shi. Mai'unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Da la'asar kowa ya zo ƙofar gidana. Sodangi zai faɗi abin da ya gani. In ya ce yaron ne, a ɗaure shi a kai ma 'yan sanda a Kusada."

*

Haulatu ta tare shi a bakin ƙofa da muciya a hannu, man ƙuli yana ɗiga daga yatsunta.

"Baba Sodangi, in kai ma kashe shi ka zo yi, fara da ni."

"Kauce, Haulatu. Ban taɓa kashe ko ɗan tsako da baki ba sai in ƙasa ta ce."

Bishir yana zaune bisa tabarma, ba takalmi, waya a cinyarsa. Ya gaida tsohon, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Kai ne Bishir mai roƙo?"

"Ni ne Bishir mai neman jari, Baba. Roƙo daban."

"An ce kuɗi sun shigo maka a waya."

"Dubu arba'in. Wani ɗan wasa a Maraɗi ya ranta mani jiya bayan na dawo."

"Ka san shi?"

"Ban taɓa ganin fuskarshi ba."

"Mi ka ba shi ya riƙe?"

"Maganata."

Sodangi ya yi tsaki. "Maganar taka nawa take a kasuwa?"

"A Kaikai ko sisi. Shi ya sa na kai ta Maraɗi. Wata uku muna yaƙi gefe ɗaya ni da shi, ban taɓa gudu na bar shi a fage ba. Ya ce wannan ya ishe shi."

Tsohon ya dube shi. Wannan labari ba dattijon da zai yarda da shi a ƙofar gidan Mai'unguwa. Mutumin da ba ka taɓa gani ba ya ba ka kuɗi, a daren da aka sace san Modibbo? Shi kansa bai yarda ba tukuna.

"Takalminka fa?"

Fuskar Bishir ta murtuke. Ya saci kallon uwarsa.

"Nawa ne. Ƙafar da ta sa shi ba tawa ba ce. Ka je Kankia, rumfar Ɗanmaliki mai cajin waya, ka tambaya. Da bakina ba zan maimaita abin a gaban Inna ba."

"Ɗaure ka za su yi da la'asar."

"Su ɗaure. Ba zan durƙusa ma kowa ba. Na buɗe baki sau ɗaya jiya, na ga abin da ke ciki."

"Tashi ka ɗebo mani ruwa."

Ba ƙishirwa yake ji ba. Ya bi yaron da ido har randa, ya dubi abin da ƙafarsa ta bari a jiƙaƙƙen tsakar gida. Ƙafa ce doguwa, mai faɗin taku. Ya kurɓi ruwan sau ɗaya ya fita.

*

Sodangi ya kori masu son rakiya ya ɗauki sawu shi kaɗai.

Daga garke sawun ya bi ta gefen gonar gero ya gangara fadama. Mutum a gaba, sa a baya, kofato yana sauka bisa sawun takalmi. Ba inda san ya turje, ba inda ya cake ƙafa aka ja shi. Tafiya suke kamar masu zuwa gaisuwa. A bakin ruwa san ya tsaya ya sha, mutumin ya tsaya yana jiransa har takalmin ya nutse. Sodangi ya daɗe a tsugune a nan. Ɓarawon da ke tsoron wayewar gari ba ya tsayawa sa ya sha ruwa. Kuma duk inda taɓo ya yi danƙo, dunduniyar takalmin tana zamewa, kamar ƙafar da ke ciki iyo take yi.

Gaba kaɗan sawun ya bi ta bayan gidan Rufa'i mahauci. Ga ɗanyar fata an shanya, ƙudaje sun yi baƙi a kanta. Zuciyar Sodangi ta ɗan yi sanyi, don da mahauci ne da abin ya zo da sauƙi. Ya juya fatar da sanda. Ja ce.

"Juya ta da kyau, tsoho," in ji Rufa'i daga zaure, yana wasa wuƙa. "Saniyar mutanen ƙauyen Boko ce da ta karye a ƙafa. Tun safe kowa ya wuce sai ya leƙa, har matan da ke binmu neman kitse. In kana son kunnen ma in ɗauko maka."

"Ka ji motsi da asuba?"

"Na ji barci. Ni da Hutsu? Ko kyauta aka ba ni sai na tara ƙarti huɗu da igiya biyu. Ana ta cewa laya ce da ɓarawon. Yaron da ko kuɗin mota ba shi da su, ina ya ga na laya?"

Sawun ya ƙare a bakin titin Kankia, inda wani tudu ya yi daidai da bayan mota. Ga sawun taya, ga kashin sa. An loda shi, ya tafi. Wanda ya saya ba zai dawo ya ba da shaida ba.

Sodangi ya tsaida mota ya shiga.

*

Rumfar Ɗanmaliki tana kusa da tasha. Janareta na ruri, wayoyi a jere kamar ana gasa su, samari sun sunkuyar da kai ba mai duban ɗan'uwansa. Sodangi ya yi sallama sau biyu kafin a amsa.

Ɗanmaliki mutum ne mai son labari. Ya ba tsohon benci, ya fara tun ba a gama tambayarsa ba.

"Nan Bishir ya tsaya, Baba, daidai inda sandarka take. Ya ce a ranta mashi dubu hamsin, akwai wani sulke da ya ga zai yi tsada, sati biyu zai maido da riba. Muka ce wa ya san ka? Mi ka taɓa saye ka sayar? Mi za ka aje? Ya ce ba shi da komi sai gaskiya. Sai Zainu ya ce, to ko takalminka ka aje. Aka fashe da dariya. Yaron nan da zuciya! Ya tuɓe takalmin ya dire bisa benci, ya ce ga shi. Aka ƙara dariya, ba wanda ya ba shi ko sisi. Ya juya ya fita ba takalmi, har tasha. Muna kiranshi bai waiwayo ba."

"Kun yi abin kirki," in ji Sodangi. "Takalmin fa?"

"Zainu ya sa a leda da yamma. Ya ce garinsu ɗaya, zai kai mashi."

Tsohon ya jingina haɓarsa bisa sanda.

"Shi Zainun, kuna ba shi kuɗi?"

"Duk wanda ka gani nan kuɗinshi na hannunshi. Shi ke juya mana."

"Mi ya aje?"

Ɗanmaliki ya yi dariya. "Zainu? Ɗan Modibbo ne fa. Sunanshi ya isa."

"Bai taɓa saɓawa ba?"

"To, sati ukun nan ya ɗan yi mana nauyi. Ya ce an rufe mashi asusun wasa da kayan duka a ciki. Har wasu masu gajen haƙuri suka ce gobe Juma'a za su je wurin babanshi. Amma ka ga ɗan halak, yau tun kafin hantsi kowa ya ji kuɗinshi sun shigo. Ko naira ba ta yi ciwon kai ba."

Sodangi ya miƙe. Bai yi sallama ba.

A mota ya zauna ta taga bai ga hanya ba. Abin da yake gani shi ne mahaifin Modibbo, shekara sittin baya, da tsumagiya a hannu, yana zane shi da Modibbo saboda sun yar da igiya a ƙasa gara ta ci. A gidan nan igiya ba ta taɓa ƙasa. Naɗi uku a gwiwar hannu, a ɗaure tsakiya sau biyu, a rataye. Haka uban ya koya wa Modibbo, haka Modibbo ya koya wa 'ya'yansa, da irin tsumagiyar. Sau ɗaya a rayuwarsa Sodangi ya so mota ta lalace a hanya. Ba ta lalace ba.

Da ya sauka ya biya ta garke ya sauke igiyar daga gwafa, ya warware ta, ya saɓa a kafaɗa.

*

Bayan la'asar ƙofar gidan Mai'unguwa ta cika, mata suna leƙe ta bayan danga. Modibbo yana zaune kusa da Mai'unguwa da carbi a hannu. An ajiye jan kambas a tsakiya. Wasu samari biyu sun tsaya a bayan Bishir.

"To, Sodangi, muna saurare," in ji Mai'unguwa.

Sodangi ya shigo tsakar fili. Igiyar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kusa da gwafar rumfa. Bai dube ta ba.

"Rufa'i, zo nan."

Mahaucin ya taso, ya shure igiyar gefe da ƙafa ya wuce.

"Fatar da ke gidanka wane launi ce?"

"Ja, kamar yadda ka gani da idonka, kamar yadda duk garin nan ya gani da hancinshi."

Aka yi dariya. "Koma ka zauna. Bishir."

Bishir ya taso ba takalmi, ya tsallake igiyar, ya tsaya.

"Yaushe rabonka da wanga takalmi?"

"Jiya da azahar, a Kankia."

"Tsaya gefe. Zainu, kai ne mai shaida. Matso nan kowa ya ji ka."

Zainu ya sa wayoyinsa a aljihu ya matso.

"Ɗanmaliki ya ce kai ka ɗauko takalmin daga Kankia."

Zainu ya gyaɗa kai. "Ni na ɗauko. Tausayi ya ba ni. Na kai mashi da magariba, hannu da hannu."

"Ƙarya kake!" in ji Bishir.

"Rufe bakinka," in ji Sodangi. "Zainu, ci gaba. A ina ka same shi? Mi ya ce maka?"

Zainu ya ci gaba. Ya ce a ƙofar gida ya same shi, ya ce ko godiya bai yi ba, ya ce idonsa jawur kamar mai ƙulla wani abu. Yana cikin magana ƙafarsa ta taɓa igiyar. Bai daina magana ba. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya kakkaɓe ƙasar, ya naɗe ta a gwiwar hannu, ɗaya, biyu, uku. Ya ɗaure tsakiya sau biyu. Ya miƙa hannu ya rataye ta a gwafar rumfar Mai'unguwa, bakinsa yana kan labarin jan idon Bishir.

Carbin Modibbo ya tsaya.

Sodangi ya bari har Zainu ya kai aya, sannan ya nuna gwafar da sanda.

"Jama'a, ku dubi igiyar can. Haka na same ta da safe a garken Modibbo, ya ce haka suka tarar da ita. Ɓarawo yanke igiya yake yi, ko ya ja sa da ita. Wanda ya kwance Hutsu bai yanke ba, bai ja ba. Kwancewa ya yi, ya naɗe, ya rataye kada gara ta ci, ya wuce gaba, san ya bi shi kamar kowace safiya. A fadama ya tsaya ya jira shi ya sha ruwa. Takalmi ana aro. Hannu ba ya aron hali."

"Kowa na iya naɗe igiya!" in ji Zainu, muryarsa ta yi sama.

"Kowa na iya. Mutum biyu sun wuce ta yanzu. Ɗaya ya shure, ɗaya ya tsallake." Ya tura jan kambas ɗin da sanda har gaban Zainu. "Sa shi ka taka nan inda ƙasa ke da danshi. In dunduniyarka ba ta zame ba, in karya sandata in bar garin nan. Daga nan ka faɗa mana inda ka samo kuɗin da ka biya 'yan Kankia yau da safe."

Zainu ya dubi takalmin. Bai motsa ba. Ya dubi ubansa. "Baba, da kasuwa ta juyo da na..."

"Ya isa!" Modibbo ya buga sanda a ƙasa. Ya yunƙura ya miƙe bisa ƙafar da ba ta ɗaukarsa. "Ya isa. Sa nawa ne, ba na kowa ba. Mai'unguwa, na janye ƙara. Na yafe ma Bishir, duniya da lahira. A tashi."

Wasu suka fara cewa madalla, dattijo ke nan. Samarin da ke bayan Bishir suka ja da baya.

"Ka yafe mani mi?" in ji Bishir.

Modibbo ya kau da kai.

"Baffa Modibbo, tambayarka nake. Ka yafe mani mi? In na tafi da yafiyarka, gobe wa zai ba ni ajiyar ko allura a garin nan?"

"Kai yaro, an yi maka gata kana tsiwa?" wani ya ce.

Daga bayan danga aka ji muryar Haulatu: "Gatan ku riƙe abinku!"

Modibbo ya ɗingiso har gaban Sodangi, ya kama hannun rigarsa. Ya yi ƙasa da murya, amma fili ya yi tsit, na kusa duk sun ji.

"Sodangi. Ƙwarya ɗaya muka sha. Kai ka kama mani ragon sunan Zainu. Na rasa sa, kada ka sa in rasa ɗa da suna a rana ɗaya. Wancan yaron ba abin da zai same shi, ba ɗauri, ba 'yan sanda. Mutane za su manta."

"Ba su mantawa," in ji Sodangi.

Mai'unguwa ya gyara zama ya yi gyaran murya. "Sodangi, rufin asiri ma ibada ne. Abu ɗaya ya rage, kuma bakinka ake jira. Ka ce sawu ya ɓace a bakin titi, ba ka san mai shi ba. Mu yi fatiha kowa ya kama gabanshi."

Sodangi ya dubi hannun da ke riƙe da rigarsa. Ya san hannun tun yana da laushi. Ya dubi igiyar da ke lilo a gwafa. Sannan ya dubi ƙafafun Bishir, tsirara bisa ƙasa, yatsun sun kama taɓo kamar saiwa.

Ya zare hannun Modibbo daga rigarsa a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Sawu bai ɓace ba," ya ce da ƙarfi, yadda na bayan danga za su ji. "A gidanka ya fara, Modibbo, a gidanka ya ƙare. Zainu ne ya kwance san."

"Sodangi, don Allah. Ka ce ya ɓace."

"Ba zan ce ba."